Awa Nawa Ka Zauna da Shi?

"Ranar Juma'a ka mayar musu da goronsu."

Haka Yaya Malam Maude ya faɗa, bai ko ɗago kai daga littafin da yake dubawa ba.

Kwandon goro da kwalin alewar da mutanen Batsari suka kawo na neman auren ɗiyarsa Safiyyatu suna kusurwar zaure, an rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Kwana goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa su. A gidanmu na Zakka, in aka raba goro an karɓi mutum. In aka mayar, an gama da shi.

"To, Malam," na ce.

Ni ne ƙaninsa Mati, ni ne waliyyin 'ya'yansa mata, kuma ni aka aika bincike a kan yaron. Shekara ashirin da huɗu ina malamin gona a Safana, ina koya wa mutane noman da suka fi ni iyawa. Don haka da aka ce in je in gano halin mutum, ban ga abin da zai gagare ni ba.

Na je Batsari na dawo da kalma biyu: gidan caca.

Su suka kashe maganar yaron, Nu'uman, mai shagon wasan kwamfuta a can.

"Ban yi wa ɗiyata dole, ka sani," in ji Malam. "Shekararta ashirin da shida, malama ce, tana da hankalinta. In ba ta son Alhaji Muntasir, ta kawo wani. Amma ina raye jinina ba shi shiga gidan caca."

Alhaji Muntasir dillalin taki ne a Safana, shi ma yana neman auren Safiyyatu. Mutum mai fara'a, mai sakin hannu. Shi ma ni na bincika shi, kuma duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: mutumin kirki.

Daga bayan ƙyauren zaure na ji kwanon sha ya faɗi. Na ji ruwa ya malale. Na san Safiyyatu ce. Ban ji kuka ba.

Shirun nan ne ya ba ni tsoro.

* * *

Safiyyatu a gidana take zama ranakun aiki, saboda makarantar 'yan matan da take koyar da kwamfuta a cikin Safana take. Litinin ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙon maƙwabci. Talata da la'asar ina zaune a tsakar gida ina jin rediyo, ta zo ta durƙusa gabana, ta ajiye kwamfutarta a kan tabarma.

Idanunta sun yi jawur.

"Baffa, in yi tambaya?"

"Yi, ɗiyata."

"Da ka je Batsari, wa ka tambaya?"

"Dattawa."

"Su wa?"

Na gyara zama. "Akwai Ɗanjuma mai shayi a tasha. Akwai wani dattijo a ƙofar masallaci. Akwai kuma... wani dattijon."

"Ka shiga shagon?"

"Da girmana? In kutsa cikin samari suna ihu?"

"Minti nawa ka yi a garin?"

Matata Kande tana bakin murhu, ba wanda ya sa da ita, ta ce, "Ya fita bayan hantsi, azahar a nan ya yi ta. Kuma da ƙullin rogo ya dawo."

"Kande, ki ji da tuwonki."

Hawayen da Safiyyatu ta riƙe tun Lahadi suka sauko. Ba ta share ba.

"Baffa, kai ka raka ni jarrabawa Katsina. Kai ka roƙi Baba ya bar ni in yi karatu. Duk duniya in aka ce in zaɓi wanda zai tsaya mini, kai zan nuna. Shekara uku Nu'uman yana jirana. Ka yanke mana hukunci a tsakanin kofin shayi da ƙullin rogo?"

"Safiyyatu, abin da mutane suka faɗa..."

"Mutane." Ta jawo kwamfutar ta buɗe. "Bari in nuna maka mutane."

Na ɗauka hotonsa za ta nuna mini, har na shirya fuska. Sai na ga allo cike da hotunan motoci da mayaƙa da 'yan ƙwallo.

"Gem ɗin, wato wasannin da samari ke bugawa a shagonsa, ba a kasuwar Batsari ake sayensu ba. A intanet ake saye a sauke cikin kwamfuta. Manyan kasuwanni biyu yake shiga. Ni nake taya shi zaɓe, don na fi shi Turanci, shi ma bai musu. Ga ta farko. Mu muna ce mata kasuwar kyauta."

Kasuwar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tsaf-tsaf, kamar kantin da ba a taɓa shiga ba.

"Duk mako sai ta ba ka gem guda, ba ka biya komai. Ka ga waɗannan taurarin a ƙarƙashin kowane hoto? Shaidar masu bugawa ce. Biyar shi ne ƙarshen kyau."

"Ai kuwa duk masu kyau ne. Ga huɗu da rabi, ga biyar."

"Wa ya ba da su?"

Na leƙa. Ba suna, ba magana. Taurari kawai.

"Oho," na ce.

"Nu'uman ma da haka ya fara. Ya cika kwamfutocinsa da na kyauta masu taurari. Ka tuna shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a garuruwanmu?"

Wa zai manta? Wata uku mutum sai ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa.

"Ranar da aka yanke, fiye da rabinsu suka ƙi buɗewa. Ashe irin waɗanda sai sun gaida gidansu ta intanet ne kafin su tashi. Kasuwar ba ta yi masa ƙarya ba, Baffa. Gem ɗin suna da kyau. Tauraro ne bai iya cewa, in garinku ba sabis kada ka ɗauka."

Ta danna wani wuri. Allon ya rikiɗe ya zama rubutu, rubutu a kan rubutu, kamar kasuwar Batsari ranar Alhamis.

"Ga ta biyu. Ba ta kai waccan tsari ba, kyautarta ma kaɗan ce. Amma a nan kowa ya saya yana da bakin magana. Ya ɗaga yatsa sama ko ƙasa, ya rubuta dalili. Dubi gefen sunan kowa. Me ka gani?"

"Lamba."

"Awoyin da ya yi yana buga gem ɗin ne. Ba shi ke rubutawa ba, injin ke ƙirgawa, ba ya iya ƙarawa. Bari in karanta maka uku a kan gem ɗaya."

Ta share hanci da gefen mayafi. Muryarta ta koma irin ta aji.

"Wannan ya ce, shirme ne, kada kowa ya saya. Minti goma sha biyu ya yi."

"Ko shayi bai huce ba."

"Wannan ya ce, bai taɓa ganin irinsa ba a duniya. Awa biyu. Amma karanta ɗan rubutun da ke saman maganarsa."

Na sa tabarau. Ta fassara mini: wannan mutum kyauta aka ba shi.

"Kasuwar ce ke liƙa masa?"

"Dole a bayyana. Ba an ce maƙaryaci ne ba. An dai gaya maka ne don ka san nauyin da za ka ba maganarsa. Ga na uku. Awa ɗari bakwai da sittin. Ya ce farkonsa akwai gundura, hotonsa ya tsufa, wuri kaza yana da ban haushi har ya taɓa jifa da linzamin kwamfuta. Amma yana tashi ba intanet, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta, kuma shekara huɗu bai taɓa cin amanarsa ba. Ya ɗaga yatsa sama. Baffa, in kai ne mai shago a Batsari, maganar wa za ka ɗauka?"

"Na ukun mana. Wannan ai ba tambaya ba ce."

"Don me? Shi ya fi kowa kawo aibi."

"Don ya zauna da abin. Na farko wucewa ya yi, na biyu kuwa an toshe masa..."

Ban ƙarasa ba.

Safiyyatu ta ɗaga idonta kawai, a hankali, ya wuce tabarauna, ya wuce goshina, ya tsaya a kan hulata.

Zanna ce, mai ruwan toka, aikin hannu. Alhaji Muntasir ya aiko mini da ita kwana biyu kafin in fara bincikensa. Tun da na sa ta mutane a ofis suke ce mini ranka ya daɗe.

"Da buhun taki biyu a ɗaki," in ji Kande daga murhu.

"Kande!"

"Na ji da tuwona, maigida."

Na yi ƙoƙarin tsira da sauran mutuncina. "To ai ita ma kasuwar surutun taki, ba a rasa maƙaryata."

"Cike take da su. Wani lokaci ma gangami ake yi, mutum dubu su taru su ɓata gem saboda haushin wani abu daban. Shi ya sa ba ma ƙirga kawuna. Muna duba wa ya yi magana, yaushe, awa nawa, kuma me aka ba shi."

Ta rufe kwamfutar. Ta matso, ta dafa ƙafata da hannu biyu kamar lokacin tana ƙarama.

"Ban ce ka yabe shi ba, Baffa. Ban ce ka yi wa Baba ƙarya ba. Ka koma kawai. Duk wanda ya buɗe baki a kan Nu'uman ka tambaye shi, awa nawa ka zauna da shi? In wanda ya daɗe da shi ya ce caca yake, wallahi ni da hannuna zan ɗaura maka kwandon nan a babur. Ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."

"In kuma ba haka ba ne?"

"Sai ka tsaya gaban Baba ka ce ka yi kuskure."

Tun ina yaro ban taɓa ce wa Yaya Malam ko da ruwan nan ya yi sanyi ba in shi ya ce da zafi.

Saura kwana uku Juma'a.

* * *

Alhamis da sassafe na bi ayarin 'yan kasuwa zuwa Batsari, don hanyar nan ba a son mutum ya bi ta shi kaɗai. Na fara da Ɗanjuma mai shayi.

Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, na ce, "Maganar yaron nan mai gidan gem. Ka taɓa shiga shagon?"

"Ni? Allah shi kiyaye. Mi zai kai ni?"

"To wa ya ce maka caca ake?"

"Kowa ya sani."

"Kowan nan, wa ya fara gaya maka?"

Ya daɗe yana juya cokali. "Mannir. Mai shagon cajin waya."

Dattijon ƙofar masallaci shi ma bai taɓa shiga ba. A wurin Ɗanjuma ya ji. Dattijo na uku kuwa a wurin na biyu ya ji. Wato shaiduna uku mutum ɗaya ne, shi ma ban gan shi ba.

Na sami Mannir a cikin wayoyi da igiyoyi. Ina ambatar Nu'uman ya tashi tsaye.

"Baba, yaron nan ba shi da mutunci! Na je masa da shawara ta arziki. Na ce samarin nan da ke buga ƙwallo a kwamfuta, a riƙa sa wani abu a kan wanda zai ci, ni in riƙe, mu raba. Wallahi ban yi minti goma ba ya nuna mini ƙofa. A gaban mutane!"

"Wato ya ƙi?"

"Ƙememe!"

"To cacar da ka ce ana yi fa?"

Ya dube ni, ya dubi wayoyinsa. "Ai wuri irin wannan dole wata rana a yi."

Na yi masa godiya. Minti goma. Ko na cikin kwamfutar Safiyyatu ya fi shi da biyu.

Shagon Nu'uman yana bayan kasuwar dabbobi, bango ɗaya da wani tsohon tela mai suna Daudu. Wurinsa na fara zama. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, ya cire zare daga baki ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara biyar ina jiran wanda zan kai wa ƙara."



"Hayaniya, malam! Ina cikin yanka shaddar mutane sai in ji gol, almakashi ya kauce. Ga taurin kai, in ya ce a'a ko uban wa ka kawo. Ga shi bai iya gaisuwa ba, ina kwana lahiya lau, ya wuce, kamar ana korar shi. In ransa ya ɓaci kuwa yini guda ba ya magana. Duk wadda za ta aure shi ta shirya zama da bango."

"Caca fa?"

"Wace caca? Bangon nan laka ce, tarin mutum nake ji. Da ana yi da ni na fara kai shi wurin mai unguwa."

Ya mayar da ƙafa kan keke, ya ɗan taka, ya tsaya.

"Amma tunda aure ne, bari in cika maka. Mai kayan makaranta ba ya shiga shagon nan kafin a tashi. Ana kiran salla yake kashe wuta, ko da wa ke kan inji. Lokacin da aka yanke sabis shagonsa ya mutu, kowa ya ce ya koma Katsina. Bai tafi ba. Tsohuwarsa na ƙauyen Yasore, ya ce ba ya nisa da ita. A watannin nan ne idona ya fara rauni. Ban gaya wa kowa ba. Na zo da safe na tarar ya huda bango ya jawo mini ƙwan lantarki daga solarsa. Har yau bai ce ga abin da ya yi ba, ni ma ban ce na gode ba. Haka muke."

"In da kai ne, za ka ba shi ɗiya?"

"Nawa duk sun yi aure. Da da saura, da na ba shi, in ya so in ƙara gaya masa ya rage ihu."

Na tashi na shiga shagon. Da girmana.

Kwamfuta takwas, benci biyu, fanka ɗaya mai kuka. Nu'uman dogo ne siriri, ya rame fiye da ranar da na fara ganinsa a ƙofar gidana. Ya durƙusa.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau."

Shi ke nan. Na jira sauran gaisuwar, ba ta zo ba. Tela bai yi ƙarya ba.

"Zama na zo yi," na ce. "Kada ka kula ni."

Ya kula ni. Ya ce tunda malamin gona ne ni, akwai wani gem na noma da Safiyyatu ta zaɓo saboda shaidar wani mai awa dubu. Ya zaunar da ni, ya ba ni gona da tarakta.

Ba zan tsawaita ba. Na tura taraktar cikin kogi sau biyu. Na shuka masara a kan titi. Samarin da ke bayana suka bar ƙwallonsu suka zagaye ni, wannan ya ce Baba dama, wannan ya ce Baba birki. A karo na uku gona ta kama. Alkama ta nuna, ta yi jawur, irin wadda shekara ashirin da huɗu nake zana wa manoma a allo ban taɓa gani a gonar kowa ba. Na hau injin girbi, na shiga layin farko.

Allo ya yi baƙi.

"Kai! Wa ya kashe? Ka bari in ƙarasa girbin!"

Nu'uman yana tsaye, hannunsa a kan makunni.

"Baffa, an kira salla."

Ni, ƙanin Malam Maude na Zakka, yaro ya tuna mini azahar.

Bayan mun idar ya rako ni wurin babur. Sai a nan ya yi doguwar magana, ita ma ba ta kai kamu biyu ba.

"Baffa, na ji za a dawo da goro gobe. Abokaina sun ce in je in ce wa Malam na bar sana'ar. In na faɗa ƙarya na yi, ita na iya, kuma ban ga haram a yadda nake yinta ba. Ba zan shiga gidanku da ƙarya ba." Ya ɗago kai ya dube ni. "Amma in an dawo da shi, zan sake kawowa. In an sake dawowa, in sake. Ku yi haƙuri da ni. Ban da wata sai ita."

Na tada babur. Amsarsa tana Zakka.

A hanya na riƙa lissafa mutanen da suka yabi Alhaji Muntasir. Limamin unguwarsu, an yi wa masallaci fenti. Mai unguwa, an kai masa taki. Abokin aikina, an sa ɗansa a shago. Na huɗu ni ne.

Hular ta yi mini nauyi tun daga Batsari har Safana.

* * *

Juma'a da hantsi muka isa Zakka, ni da Safiyyatu. Ta shige cikin gida. A ƙofar zaure na tarar da faifan sola sabo fil a jingine, ko ledarsa ba a cire ba.

"Alhaji Muntasir ya aiko wa makarantata jiya," in ji Malam bayan mun gaisa. "Allah shi saka masa. Ga kwandon can, ka ɗauka tun rana ba ta yi ba."

Na zauna. Na sa hannu na cire hular, na ajiye ta a tabarma tsakanina da shi.

Sanƙona ya bayyana. Rabon da Malam ya gan shi tun yana ɗan fili, yanzu ya zama gandu.

"Lafiya, Mati?"

"Malam, kafin in yi magana, a san cewa wannan hular Alhaji Muntasir ya ba ni. Da taki buhu biyu. Duk abin da na faɗa a kansa, a auna shi da wannan."

Ya rufe littafin.

Na faɗa masa komai. Ɗanjuma, dattawa biyu, Mannir da minti gomansa, tela da bangonsa. Na faɗi kasuwa mai taurari da kasuwa mai surutu, yadda na iya. Taraktar kawai na tsallake.

"Wato ɗiyar da na haifa ta zaunar da kai ta koya maka bincike da kayan wasa."

"Haka aka yi, Malam."

"Safiyyatu!"

Ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Ke kika tura Baffanki ya warware maganata?"

"Ni ce, Baba." Hawaye na ɗiga a kan tabarma, amma muryar ba ta karye ba. "Ban ƙi hukuncinka ba. In ka ce a mayar, ba zan ɗaga kai ba. Amma tun ina ƙarama ina bayan ƙyauren nan ina jin kana karantar da manyan ɗalibai. Kai ka ce ba a karɓar ruwaya sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya zauna da malamin ko hanya ce ta haɗa su. Da na ga awoyin nan a kwamfuta, karatunka na tuna. Baba, in ana yi wa magana wannan binciken, ni rayuwata ce gaba ɗaya. Kada a yanke ta da ruwayar mai shayi."



Malam ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya juyo gare ni, da irin muryar da yake titsiye ɗalibi.

"Telan nan. Shekara nawa?"

"Biyar. Bango ɗaya."

"Ya faɗi aibinsa?"

"Da shi ya fara. Taurin kai, fushi, gajeruwar gaisuwa."

"Yaron ya taɓa ba shi wani abu?"

"Ƙwan lantarki. Shi da bakinsa ya faɗa, ban tambaya ba."

"Shi ya faɗa." Malam ya gyaɗa kai. "Kai fa? Zuwanka na farko?"

"Minti arba'in. Ashirin a wurin mai rogo."

"Na biyu?"

"Awa uku da rabi, a cikin shagon. Da idona na ga ya kashe wuta don salla. An ma samu wani dattijo ya yi masa gardama, bai saurare shi ba."

"Wane irin dattijo ne wannan?"

"Wani ne dai. Baƙo."

Safiyyatu ta ƙara sunkuyar da kai. Kafaɗunta suna motsi, ban san kuka ne ko wani abu ba.

"Alhaji Muntasir fa? Ka samo masa aibi?"

"Ko ɗaya. Ba na ce yana da shi ba. Ban dai samu wanda ya zauna da shi hannu wofi ba. Har ni."

Malam ya dubi hular. Ya dubi ƙofa, inda solar ke ƙyalli a rana. Shekara biyu yana addu'ar makarantarsa ta samu wuta.

"Har ni," ya ce a hankali.

Ya miƙe. Malam ba ya miƙewa da sauri, gwiwa ta hana, amma ranar bai dafa bango ba. Ya je kusurwa ya yaye buhun. Ya zaɓi goro fari guda, ya dawo ya zauna yana juya shi a hannu.

"Wasan nan nasu ban son shi, kuma ba zan fara so ba. Ki gaya masa in ya zo gidan nan zai gaishe ni gaisuwar mutane, ko da za ta kai la'asar. Kuma ni ma sai na zauna da shi, awoyina sifili ne. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ya sa farce ya ɓare goron. Ƙas. Ya jefa rabi a baki, ya miƙo mini rabi.

"Kwashi sauran ki kai wa uwarki. A raba."

Safiyyatu ta rarrafa ta kifa goshi a kan ƙafarsa, sai a lokacin kukan ya fito da sauti. Malam ya dafa kanta, yana kallon wani wuri, yana tauna da ƙarfi kamar goron ne ya yi masa laifi.

"Mati."

"Na'am, Malam."

"Na ce yau za ka mayar da kaya, ban fasa ba. Ɗauki solar can, da hularka. Ka yi masa godiya mai kyau, mutumin bai yi mana komai ba sai alheri. Takin kuma ka san inda yake."

Na ɗaure faifan a bayan babur, na cusa hular a ƙarƙashin igiya. Ina tada inji guɗa ta tashi daga cikin gida, ta farko, ta biyu, har maƙwabta suka karɓa.

Na kama hanyar Safana da tsakar rana, kaina a buɗe, sanƙona da solar suna ƙyalli tare. Duk wanda na wuce sai ya juyo ya kalla.

Ba wanda ya ce mini ranka ya daɗe. Goron kuwa, duk da kwana goma sha shida a kwando, bai bushe ba.